Zamanin Da Jiragen Yaƙin Amurka Ke Shan Mai A Kano

Daga Lafiya, Jihar Nasarawa



Mu mutanen Lafiya rugugin jirgin yaƙi ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin kuwa Makurɗi, inda mayaƙan saman Nijeriya suke da babban sansani, tana nan kudu da mu, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu a mota ba. Ran nan da la'asar sakaliya muna zaune a wata majalisa kusa da tashar jirgin ƙasa, sai ɗaya daga cikin jiragen nan ya keta sama ya wuce, kowa ya ɗaga kai. Wani saurayi ya ce shi kam abin da ke ba shi takaici shi ne, ƙasar nan ba ta taɓa ganin jirgin yaƙin Amurka da idonta ba sai a 'yan shekarun nan. Wani dattijo da ke jan carbi a gefe ya yi murmushi ya ce, "Kai dai yaro, faɗi abin da ka sani. Mahaifina ya yi leburanci a filin jirgin saman Kano zamanin yaƙin Hitila, da hannunsa ya riƙa mirgina gangunan mai zuwa gindin jiragen Amurka." Saurayin ya ce, "Baba, a Kano?" Ya ce, "A Kano ta Dabo."

Maganar dattijon nan gaskiya ce, ita ce kuma ta sa na ga ya kamata a wannan mako mu ajiye zancen siyasa, mu waiwayi wannan tarihi, domin akwai rabonmu a cikinsa, har mu nan ƙasar Nasarawa.

YADDA HANYA TA BIYO TA KANMU

Tun kafin yaƙin, Kano ta riga ta san jirgin sama. A ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage 3 na mayaƙan saman Ingila suka sauka a can, bayan sun taso daga Masar, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi. A 1936 kuma kamfanin jiragen saman Ingila ya buɗe hanyar jigilar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, daga baya aka ƙarasa da ita Ikko ta Kaduna da Minna da Oshogbo.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, al'amura suka rincaɓe wa Ingila. Cikin watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙin a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Sai Bahar Rum ta zama tarko, jiragen ruwan Ingila ba su da halin ratsa ta da kaya zuwa Masar, alhali kuwa a Masar ɗin ne ake buƙatar jiragen sama don tsare mashigin Suwes. Idan an ce a kewaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiya ce ta wajen wata biyu ko fiye. Hausawa sun ce in hagu ta ƙiya a koma dama. Turawa suka tuna da tsohuwar hanyar wasiƙun nan da ta ratsa ƙasarmu.

Dabarar da aka yi ita ce, a kawo jiragen a cikin manyan akwatuna ta jirgin ruwa, a sauke su a tashar Takoradi ta ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, a harhaɗa su a nan, sa'an nan matuƙa su tashi da su zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Kano, daga Kano zuwa Maiduguri, su ratsa Cadi, su shiga Sudan ta Al-Janaina da Al-Fashir, su isa Hartum, su bi kogin Nilu har Alƙahira. Tafiya ce ta kimanin mil 3,700, ana yin ta cikin kwana biyar ko shida in an yi sa'a. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne, cikin watan Agusta na 1940 gwamnan Cadi, Felix Eboue, wanda baƙar fata ne, ya bijire wa gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Hitila, ya bi Janar de Gaulle. Ƙasar Nijar kuwa ta zauna a hannun waccan gwamnati har ƙarshen 1942, saboda haka matuƙin da ya ɓace ya karkata arewa ya faɗa hannun da ba na abokai ba.

Ayarin farko ya tashi daga Takoradi cikin watan Satumba na 1940, jiragen Ingila ne. Kafin a rufe wannan aiki a 1943, jirage fiye da 5,000 sun bi hanyar, kuma kaso mai yawa daga cikinsu ƙirar Amurka ne.

JIRGIN MAI HAƘORA

Jirgin yaƙin Amurka da ya fi yawan sauka Kano shi ne wanda ake kira P-40, na kamfanin Curtiss da ke garin Buffalo a Jihar New York. An fara gwada shi a 1938, kafin a daina ƙera shi a 1944 an yi fiye da 13,700. Amurkawa suna ce masa Warhawk, Ingilishi kuwa suka sa wa samfurin farko suna Tomahawk, na baya kuma Kittyhawk. Waɗanda suka fara isowa Takoradi a farkon 1941, wasunsu tun asali Faransa ce ta yi odarsu, da ta faɗi sai Ingila ta gaje su. Cikin watan Maris na shekarar majalisar Amurka ta zartar da dokar ba abokanta aron kayan yaƙi, daga nan jiragen suka riƙa zuwa babu ƙaƙƙautawa.

Jirgi ne mai inji ɗaya da farfela a goshi, mutum ɗaya ke tuƙa shi, shi ne kuma mai harbi. Samfurin Kittyhawk yana ɗauke da bindigogi masu jigida 6, uku a kowane fiffike, gudunsa kuma ya kai kimanin mil 350 cikin sa'a. Amma yana da lahani babba. Injin jirgin sama tamkar ɗan Adam yake, da iska yake numfashi, can ƙololuwar sama kuwa iska ba ta da kauri. Na'urar da ke cusa wa injin P-40 iska ba ta da ƙarfi sosai, saboda haka da zarar ya wuce kimanin ƙafa 15,000 sai ya fara haki. Abokin gabansa na Jamus, watau Messerschmitt 109, ya fi shi iya hawa, sai ya haye bisa ya laɓe ta wajen rana, ya kawo sura kamar shaho, ya harba ya koma. Matuƙan P-40 da yawa sun halaka ta haka a hamadar Libiya.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Jirgin nan yana da ƙwarin jiki, yakan sha harsashi ya komo gida da matuƙinsa, yana jure ƙura da zafi, kuma in an sauko ƙasa-ƙasa yana da saurin juyi. Da hafsoshi suka gane haka, sai suka riƙa ɗaura masa bom yana bin motocin sojan Janar Rommel da tankokinsa yana ragargaza. Runduna ta 112 ta mayaƙan saman Ingila ita ce ta shahara da zana wa hancin jirgin baki mai haƙora irin na kifin nan mai cin mutane, a 1941, daga baya matuƙan Amurka da ke yaƙi da Japan a ƙasar Sin suka kwaikwaya. Babban kwamandan jiragen da ke yaƙi a hamadar daga 1941 kuwa ba wani ba ne illa Arthur Coningham, mutumin nan da ya fara sauka Kano shekara 16 kafin nan.

WAHALAR HANYA

Kada mai karatu ya zaci tafiyar nan yawon shan iska ce. Ƙananan jiragen yaƙi ba su da mai duba taswira, saboda haka akan haɗa su biyar ko shida, a sa wani babban jirgi mai inji biyu a gaba ya zama madugu, su bi shi a baya kamar ayarin fatake. Wanda ya san hazon hunturu a Kano da Borno ya san abin da ke faruwa in madugu ya ɓace wa ayari. Da damina kuma ga hadari mai tsawa. Tsakanin Maiduguri da Al-Janaina akwai ɗaruruwan mil na daji da rairayi, wanda injinsa ya mutu a nan sai wani ikon Allah. Ƙura kan ci injin tun a hanya, har wasu jiragen sai an sake kwance su a Masar kafin su shiga fagen fama.

Shi kuma man da suke sha, daga Ikko ake ɗauko shi a jirgin ƙasa zuwa Kano, daga Kano a loda wa manyan motoci zuwa Maiduguri, domin dogo bai isa can ba sai 1964. Su wane ne suka sassabe filayen, suka fasa dutse, suka daɓe hanyar saukar jirage, suka ɗauki ganguna a ka? Iyayenmu ne da kakanninmu, irin mahaifin dattijon nan na majalisarmu. Littattafan tarihin yaƙin sun ƙididdige jirage da matuƙa, amma leburori ba a rubuta sunayensu ba.

Tun kafin Amurka ta shiga yaƙin cikin Disamba na 1941, gwamnatinta ta sa kamfanin Pan American ya zo ya gyara filayen hanyar, har da na Kano da Maiduguri, daga baya sojan Amurka suka karɓi aikin a 1942. Jamus ma ta san darajar hanyar, domin cikin watan Janairu na 1942 wani jirginta ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bom a Fort Lamy, watau Injamena ta yanzu, ya ƙone mai mai ɗimbin yawa.

Cikin 1942 ɗin Amurkawa suka ƙara wata dabara. Wani jirgin ruwansu mai ɗaukar jiragen sama, mai suna Ranger, ya zo daura da gaɓar Gana, jiragen P-40 guda 68 suka tashi daga kansa cikin watan Mayu suka sauka Ankara, babban birnin ƙasar. Cikin watan Yuli ya sake kawo 72 na runduna ta 57 ta mayaƙan saman Amurka, waɗanda suka ratsa Nijeriya suka nufi Gabas ta Tsakiya. Wannan runduna ta yi yaƙin Al-Alamain da aka fara ran 23 ga Oktoba, 1942, inda aka karya lagon Rommel. Ita ce kuma a ran 18 ga Afrilu, 1943, ta tare wani babban ayarin jiragen jigila na Jamus a gaɓar Tunisiya. Amurkawa sun ce sun kakkaɓo fiye da 50, lissafin Jamusawa bai kai haka ba, amma kowa ya yarda ɓarnar ta yi yawa. Cikin watan Mayu sojan Jamus da Italiya da suka rage a Afirka suka miƙa wuya.

Ya kamata kuma a ambaci runduna ta 99, ta baƙaƙen fatar Amurka waɗanda aka horar a Tuskegee, a zamanin da ake cewa baƙin mutum ba shi da ƙwaƙwalwar tuƙa jirgi. Da P-40 suka fara yaƙi daga Afirka ta Arewa a 1943, ƙarƙashin Benjamin Davis, daga baya suka koma tuƙa jirgin P-51 Mustang mai dogon zango, suna rakiyar manyan jirage masu jefa bom har cikin ƙasar Jamus.

RABON ƘASAR NASARAWA

Lafiya ba ta kan hanyar jiragen nan, amma yaƙin bai bar mutanen wannan yanki ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa inda ta fi samun kuza, sai ta juyo kan tsaunukan Jos da kewayensu. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi aikin tilas da ake kira ɗiban gwamna, inda aka riƙa kwasar dubban magidanta daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza, cikin sanyin da ba su saba da shi ba da ƙarancin abinci, da yawa ba su komo gida ba.

Bayan shekara kaɗan wani yaƙin ya sake leƙo ramukanmu. A 1950 aka fara yaƙin Koriya, zamanin farfela ya wuce, na jiragen jet ya kama. Cikin Nuwamba na shekarar jirgin Rasha mai suna MiG-15 ya bayyana a sararin Koriya, ya fi duk abin da Amurka ke da shi a wurin gudu. Ba shiri aka aiko da F-86 Sabre cikin Disamba. Jiragen biyu sun yi kama, fikafikansu a karkace suke zuwa baya, dabarar da duka ƙasashen suka samo daga binciken Jamusawa. Na Rasha ya fi hawa bisa, igwoyinsa kuma sun fi ɓarna. Na Amurka ya fi daɗin sarrafawa, yana da na'urar auna nisan abokin gaba, matuƙansa da yawa kuma tsofaffin hannu ne tun yaƙin Hitila. A kusa da kogin Yalu suka yi ta gwabzawa har 1953. Amurka ta ce ta harbo MiG kusan 800, ta yi hasarar Sabre ƙasa da 80 a faɗan sama, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna ratar ba ta kai haka ba. Ai ba a tambayar mafarauci girman zakin da ya kashe.

Cikin injin jet wuta ce ke ci ba ƙaƙƙautawa, ƙarfe na yau da kullum ba ya jurewa. Daga cikin abubuwan da ake gauraya wa ƙarfe don ya jure wannan zafi akwai sinadarin da ake samu daga ma'adinin kwalambait, wanda ke fitowa tare da kuza a ƙasar Jos da nan yankin Udege na ƙasar Nasarawa. A da masu haƙa zubar da shi suke yi a matsayin dusa. A 1952 gwamnatin Amurka ta shiga sayensa tana tarawa, tana biyan ninkin kuɗinsa, aka koma ana tone tsofaffin juji. A shekarun nan Nijeriya ce ke fitar da mafi yawan kwalambait ɗin duniya. Da rumbun Amurka ya cika a tsakiyar shekarun 1950 sai ta janye, farashi ya faɗi warwas, daga baya kuma ƙasar Barazil ta karɓe kasuwar. Kamfanonin Turawa suka kwashe riba, aka bar mana kududdufai da ramuka waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi.

RANAR DA MUKA NEMA

An kafa rundunar mayaƙan saman Nijeriya a 1964. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, Gwamnatin Tarayya ta nemi jiragen yaƙi, Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare makamai ba, Ingila ma ta hana jirage. A halin nan kuwa 'yan tawaye sun samo wani tsohon jirgin Amurka mai jefa bom, B-26, ragowar Yaƙin Duniya, wanda ya kai hari Makurɗi da Kano. Dole Janar Yakubu Gowon ya juya wajen Rasha. Cikin watan Agusta na 1967 aka sauke jiragen MiG-17 a Kano. Watau ƙanen jirgin nan da ya kara da Sabre a Koriya shi ne ya zo ya tsaya mana, a daidai filin da jiragen Amurka suka sha mai shekara 25 kafin nan.

Ko a 2014, ana tsakiyar fama da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra. Sai a 2021 aka kawo jirage 12 ƙirar Super Tucano da aka harhaɗa a Amurka, kan kuɗi kimanin dala miliyan 500, tare da sharuɗɗan yadda za a yi aiki da su. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da jiragen JF-17 guda 3 daga Pakistan a Makurɗi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba don a zargi wata ƙasa na kawo wannan tarihi ba, kowace gwamnati bukatar mutanenta take dubawa. Abin dubawa shi ne namu halin. Mun ba da hanya, mun ba da ƙarfi, mun ba da arzikin ƙasa, amma ilmin ƙera jirgin da masana'antarsa suna can inda suke, kuma wanda ya dogara da tulun maƙwabci ranar da aka rufe ƙofa da ƙishirwa zai kwana. Yau ga shi ana rububin wani sabon ma'adini a Jihar Nasarawa, watau litiyom, har an buɗe masana'antar tace shi a Ƙaramar Hukumar Nasarawa a 2024. Muna kira ga Gwamnatin Jiha da ta Tarayya su tuna da labarin kwalambait. A tabbatar 'ya'yanmu suna koyon aikin injiniya a waɗannan wurare, ba tura baro kaɗai ba, a kuma tilasta wa kowane kamfani ya cike raminsa kafin ya naɗe tabarmarsa.

Akwai kuma magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Cikin watan Janairu na 2023 wani hari ta sama ya hallaka makiyaya kusan 40 a kusa da Rukubi, cikin Ƙaramar Hukumar Doma, maƙwabciyarmu, kuma daga baya rundunar mayaƙan sama ta amsa cewa ita ta kai harin. Muna jinjina wa matuƙanmu da ke sayar da rayukansu don mu yi barci, amma jirgi komai tsadarsa ba ya bambanta ɗan ta'adda da mai kiwon shanu, wannan aikin masu tattara labari ne a ƙasa. Kuɗin da ake kashewa wajen sayen jirage, ya kamata a kashe irinsa wajen horar da masu gaya wa jirgin inda zai harba.

Daga ƙarshe muna roƙon malaman tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Tarayya ta Lafiya su tura ɗalibansu su ɗauki maganar dattawa irin na majalisarmu. Waɗanda suka mirgina gangunan nan da waɗanda aka ɗiba zuwa haƙar kuza sun riga mu gidan gaskiya, saura 'ya'yansu, su ma rana ta yi musu yamma. Hukumar filin jirgin saman Malam Aminu Kano kuma ba za ta rasa bangon da za ta kafa allo ba, wanda zai gaya wa matafiyi abin da ya faru a wurin daga 1940 zuwa 1943.

Saurayin nan dai da muka tashi daga majalisa ya bi dattijon har ƙofar gida yana yi masa tambayoyi. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.